Nonon da Aka Ce Ya Ɓaci

A Kusada na haifi 'yar farina, a ɗakin Inna, shekaru kaɗan kafin Turawa su tattara nasu su tafi. Da cikin ya tsufa aka zo aka ɗauke ni daga Kankiya, inda nake aure, aka maida ni gida kamar yadda ake yi wa duk mai haihuwar fari. Maigidana tela ne. Yana da keken ɗinki a wata rumfa kusa da inda motocin gyaɗa ke tsayawa a kan hanyar Kano zuwa Katsina. Mutum ne marar yawan magana, haka Allah ya yi shi. Ni ma a lokacin ba na magana, sai dai nawa shirun koya mini aka yi.

A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa sai an miƙo mata shi ta ba shi nono, shi ma tana kawar da kai. "Yarinyar" nake cewa, in ma dole ta sa na ambace ta. Ina kallonta ne ta gefen ido idan an kwantar da ita kusa da ni. Tana da suma baƙa ƙirin mai laushi, da wani ɗan loɓi a haɓa irin na ubanta.

Gwaggo, yayar Baba, ita ke kula da jegona. Mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama, kuma kowa a gidan yana shakkarta, har Baba. Ita ke tafasa ruwan wanka safe da yamma, ta tsoma ganye ta yi ta fyaɗa mini har fatata ta yi ja, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Ta haihu sau da dama a gidan mijinta, amma ko ɗaya babu wanda ya kai yaye. Ba a maganar a gidanmu.

Bayan suna da 'yan kwanaki kukan ya soma. Da rana lafiya lau take, ta sha nono ta yi barci. Amma da an yi la'asar, inuwar rumbu ta fara miƙewa a tsakar gida, sai ta fara murɗe-murɗe. Ta naɗe ƙafafu zuwa ƙirji, ta dunƙule hannu, cikin ya ɗaure tamau kamar fatar kalangu, sannan ta saki wani irin kuka wanda ban taɓa ji a bakin jariri ba. In an ba ta nono ta kama ta saki, ta banƙare. Inna ta goya ta ta yi ta zagaye tsakar gida. Gwaggo ta karɓa ta kife ta a cinya tana bubbuga bayan. Haka za a yi ta yi har muryarta ta dushe, sai a ga bakin kawai a buɗe. Maƙwabta suna leƙo kai ta kan danga suna cewa, "Yau ma?"

Babu abin da ba a yi ba. An ba ta dauri, an ba ta jiƙon sabara, Baba ya karɓo rubutu wajen liman aka ɗiga mata. An shafa man shanu a cibiya. Wanzami ya zo ya yi mata 'yan tsaga a gefen ciki, ina ɗaki ina jin ihunta, na cusa bakin zane a bakina. Washegari da la'asar ta sake somawa kamar ba a yi komai ba.

Wata rana da hantsi Gwaggo ta shigo ɗaki da ɗan ƙoƙo a hannu. Inna na biye da ita.

"Ke, tashi zaune. Tatso nan."

Na ce, "Gwaggo, me za a yi?"

"Tatso dai na ce."

Na juya baya na tatsa, har ya rufe gindin ƙoƙon. Ta fita da shi, muka bi ta. Ta tsuguna a gindin rumbu ta tsinci tururuwa ta jefa a ciki. Muka sunkuya mu uku muna kallo. Suka yi ta wutsil-wutsil a kan nonon, suna neman bakin ƙoƙon suna zamewa, har suka daina motsi.

Gwaggo ta daɗe tana kallonsu. Ta ce, "Na faɗa. Irin nawa ne. Nonon ya ɓaci, shi ke yanka mata hanji. Da an gwada nawa da wuri, da yanzu ni ma ina da masu kira na Inna."

Inna ta ce a hankali, "Yaya, ko a bari a ƙara dubawa?"

"Jikar taki kike so ki binne? Daga yau kar ta sake kai masa baki sai an wanke shi."

Wace ce ni da zan tsaya a gaban Gwaggo in yi gardama a kan 'yar fari? Sai bayan shekaru, ina ɗiban ruwa a randa, na ga tururuwa ta faɗa ciki, na tsaya ina kallonta har ita ma ta daina motsi. A ranar ban iya cin abinci ba.

Aka shiga wankin nono. Aka jiƙa sassaƙe ina sha, aka dafa ganye ana gasa mini ƙirji. Ƙirjin ya cika ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ni. Da yarinyar ta soma kuka sai in ji ya tsatso da kansa, zane ya jiƙe. Tana hannun Inna tana neman abin da za ta kama, ni ina bayan ɗaki a tsugune ina tatsarwa a ƙasa, ƙasar na shanyewa. Gwaggo ta sake gwadawa, tururuwar ta sake mutuwa.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono da man shanu daga rugarsu ta wajen ƙauyen Ƙofa. Ta ɗan girme ni, Adda nake ce mata. Doguwa ce, siririya, kullum da ɗanta namiji a baya, wanda ya girmi yarinyar da 'yan watanni. Inna ta roƙe ta ta riƙa kawo mana madarar safe wadda ba a sa ta yi tsami ba. Adda ta leƙa fuskar yarinyar ta ce madarar saniya za ta yi mata nauyi, sai an sirka da ruwa. Aka sirka. Gwaggo ce ke yi mata ɗura, ta tara tafin hannu a bakinta tana zubawa, yarinyar na shaƙewa tana haɗiya. Ba ta daɗewa sai ta amayo shi guda-guda. Aka koma nonon jar akuyar Inna. Shi ya zauna a cikin, amma ya ɗaure mata bayan gida, sai ta yi ta yunƙuri idanunta su firfito. Kukan da dā sai la'asar, yanzu ya zama har da rana.

Bayan arba'in maigidana ya zo a kan kekensa. Ba ya wuce zaure, saboda kunyar surukai. Aka kai masa yarinyar can. Ƙanwata da ta kai ta ta ce ya daɗe yana riƙe da ita, yana taɓa 'yan hannuwanta da suka zama kamar karan dawa. Da Baba ya fito ya durƙusa ya roƙi a ba shi mu ya kai mu Kankiya, don an ce Baturiyar asibiti za ta zo rangadi disfensa. Baba ya yarda, amma ya ce Gwaggo ta bi mu.

Muka tafi a kan jakuna, damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. Gwaggo ce ke goye da ita.

Disfensar ɗaki biyu ce da baranda, mata sun cika gindin bishiya da yara. Da layi ya zo kanmu, Baturiyar ta karɓi yarinyar ta kwance mata zane, ta danna cikin, ta ɗaga fatar idon. Doguwar mace ce mai ɗigo-ɗigo a hannu, gumi na bin wuyanta. Ta yi tambaya, malamin disfensa ya juya ya ce, "Ta ce me ya sa ba a ba ta nonon uwa?"

Gwaggo ta ce, "Ya ɓaci. An gwada."

Ya faɗa mata. Ta dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai. Ta yi magana mai tsawo, tana nuna ƙirjina tana nuna yarinyar. Malamin ya tambaye ni ko har yanzu akwai ruwa a nonon. Gwaggo ta amsa ta ce ya kusa ƙafewa, kuma gaskiya ta faɗa. Baturiyar ta yi ajiyar zuciya ta ƙara wata maganar. Malamin ya ce, "Ta ce to a ba ta madarar gwangwani, amma a tafasa ruwan, a wanke kwalba." Na san abin da ta faɗa ya fi wannan yawa. Ban san me ta ce ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Washegari bayan azahar, Gwaggo ta shiga maƙwabta gaisuwa, sai ga maigida ya shigo da ƙunshi a cikin ƙyalle. Ya zauna a bakin tabarma ya kwance. Gwangwani uku ne, da kwalbar shayar da yara mai lanƙwasa, da kan roba, wadda ake ce wa bulumboti. Akawun wani kanti da yake yi wa ɗinki ne ya ba shi ya zo da su a gani.

Ya jera su a gabana. Ya ce, "Wannan ƙaramar mai kauri ce, da zaƙi, ita ake sa wa shayi, amma ya ce wasu na ba yara. Wannan ruwa ce tsararo. Wannan babbar kuwa gari ce, ya ce don jarirai aka yi ta, ita matan Turawa ke ba nasu. Wadda ba a so zan maida."

Na ce, "Duk wadda ka ga ta dace, Malam."

Ya ce, "A'a. Ke ce uwarta."

Tun da na haihu babu wanda ya faɗa mini wannan kalmar. Hawaye suka zubo mini, na kasa tsayar da su. Bai ce in yi shiru ba, ya dai kawar da kai yana jira.

Daga ni har shi babu mai karanta rubutun da ke jiki. Shi da ajami yake rubuta awon mutane, ni kuwa ko wannan ban iya ba a lokacin. Na ɗauki kowanne na jujjuya. Na girgiza na ruwan na ji ƙararsa, na shinshina murfin kamar zan ji wani abu. A jikin babban akwai hoton wani jaririn Bature, kumatu kamar an hura, yana dariya, hannuwansa duk sun yi gaɓa-gaɓa. Na dubi hoton, na dubi tawa a kwance a kan zane, haƙarƙarinta na ɗagawa.

Na ce, "Wannan."

Ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Amma bai maida sauran biyun ba, ya tura su ƙarƙashin gado.

Kwanakin farko kamar an yi mana gafara. Na tafasa ruwa, na auna garin da ɗan cokalin da ke ciki kamar yadda akawun ya nuna masa, na girgiza, na ɗiga a bayan hannu. Ta kama robar ta yi ta zuƙa, idanunta a kaina. Gwaggo ba ta iya sha'anin kwalbar ba, don haka ni ke ba ta, a cinyata, ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Ba ta amayar ba. Da la'asar tana kukanta, amma ba kamar dā ba. Maigida ya ɗinka mata wata 'yar riga da ragowar yadi mai ruwan ganye, ya kawo yana murmushi. Har Gwaggo ta ce, "Turawan nan dai akwai dabara."

Sai gudawa ta zo. Har yau ban san daga ina ba. Ko ruwan rijiyarmu ne da damina ta gurɓata, ko robar ce, don duk yadda na wanke ta da toka sai in ji tana ɗan tsami, ko ƙudajen da ba sa barin bakin kwalbar, ko kuwa madarar ce cikinta ya ƙi. Abin da ta sha duk ya fito ruwa. Na wanke tsumma har igiya ta cika. Malamin disfensa ya ba mu wani farin magani a kwalba, bai tsaya ba. Maigida ya jawo mai kaurin daga ƙarƙashin gado ya huda da ƙusa, muka gwada. Ta sha saboda zaƙin, ya fita yadda ya shiga. Muka huda ta ruwan. Ita kafin rana ta faɗi ta lalace a gwangwanin saboda zafi.

Maɗigarta ta loɓa, ana iya kwantar da yatsa a wurin. Idanun suka faɗa ciki. Wata rana Gwaggo ta zaga yin alwala, na ɗauke ta da sauri na juya wa ƙofa baya na sa mata nonona. Ta kama. Wallahi ta kama kamar ba a taɓa raba mu ba, ta ja, ta ja. Na matsa da hannu ina addu'a a zuci. Ɗigo ɗaya ko biyu ne suka fito, sai babu. Ta saki ta tsura mini ido, ba ta ma yi kuka ba.

Daga ranar ta daina kukan la'asar. Wata biyu ina roƙon Allah ya sa ta yi shiru, da ta yi shirun sai na riƙa kai kunne bakin hancinta. Gwaggo ta ce wa maigida, "Ka bar mu mu koma gida. In ma wani abu ne, ya same ta a gaban kakanninta." Ya raka mu har bayan gari yana tura keke, bai hau ba.

Mun kwana biyu a Kusada, da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki da ita a cinya, don yanzu ba wanda ke hana ni, sai na ji sallamar Adda. Inna ta taimaka mata ta sauke ƙwarya. Sai da ta juya na ga bayanta babu goyo.

Inna ta ce, "Ina ɗan namu?"

Adda ta ce, "Ya koma. Zazzaɓi ne, kwana uku ya yi."

Muka yi mata gaisuwa, ta amsa da murya ƙasa-ƙasa tana gyara faifai a kan ƙwarya. Gaban rigarta ya jiƙe wuri biyu. Na san wannan jiƙewar. Ta ɗago ta ga ina kallo, sannan ta ga abin da ke cinyata. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta matso ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta miƙo hannu biyu, ni kuma na ba ta.

Da farko yarinyar ba ta da ƙarfin kamawa. Adda ta tatsa a yatsa ta shafa mata a leɓe, tana yi mata wata magana da Fillanci. Ta sake, ta sake. Can sai muka ga ɗan bakin ya motsa. Tsakar gidan ta yi tsit, har muna jin haɗiyarta. Adda ta ɗaga kai sama ta rufe ido, hawaye na gangarowa ta gefen kunnenta. Gwaggo ta tashi ta shiga ɗaki.

Ni na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Amma akwai wani abu a raina ban da murnar, wanda ban san sunan da zan kira shi ba.

Baba ya je wajen liman, aka ce ya halatta, sai dai a sani ta zama 'yar Adda ta shayarwa, 'ya'yan Adda sun zama 'yan'uwanta, babu aure tsakaninsu. Aka aika wa maigida ya ce ya amince. Mijin Adda ma ya yarda. Adda ta kwana a gidanmu har gudawar ta tsaya, amma ba za ta iya zama ba, tana da miji da yara da shanun tatsa. Ni kuma ba a barin matar aure ta tare a ruga. Aka yanke shawara yarinyar ta bi ta har yaye.

Na haɗa mata 'yan zannuwanta da rigar da ubanta ya ɗinka. Inna ce ta ɗora ta a bayan Adda. Ba a yarda in raka su ba, kuma ba a yarda a ga hawayena ba, sai na ɗauki taɓarya na hau dakan da ba a sa ni ba. Bayan 'yan kwanaki na koma Kankiya. Matan unguwa suka zo yi mini sannu da zuwa, kowace ta shigo sai ta fara duban bayana.

Sai da aka gama cirar gyaɗa maigida ya kai ni rugar. Bukkoki ne a cikin wata gona da aka girbe, shanu na kwance suna tuƙa. Adda ta fito da ita a kafaɗa, da ƙyar na gane ta. Ta yi ɓul-ɓul, an ɗaura mata duwatsun tsakiya a ƙugu da laya a wuya, tana warin man shanu da hayaƙi.

Adda ta ce, "Karɓi ɗiyarki."

Na miƙa hannu. Ta dube ni, ta taɓe baki, ta juya ta cusa fuska a wuyan Adda.

"Ƙyuya ce, yanzu ta fara sanin mutane," in ji Adda, tana neman ta sauƙaƙa mini.

Na ce, "Adda, kukan la'asar fa?"

"Da ta samu ƙarfi ta ɗan taɓa, sai ta bari. Ai nawa ma da ya rasu haka ya yi da yana ƙarami, wata uku muna fama, ya daina don kansa. Wasu yaran haka suke zuwa."

Ta faɗa ne kawai tana kaɗa mata ƙafa, ba ta san inda maganar ta sauka ba. A hanyar komawa ina bayan keke na riƙe rigar maigida har muka ga fitilun Kankiya.

Da yake ba na shayarwa, ban daɗe ba na sake samun ciki. Wannan karon maigida ya ce a ɗakina zan haihu, Inna ta zo ta yi mini wanka. Namiji ne. Bayan suna da 'yan kwanaki, da la'asar, ya naɗe ƙafa ya dunƙule hannu ya soma. Kukan nan dai, babu bambanci ko kaɗan. Labari ya kai Kusada, Gwaggo ta hawo jaki ta zo duk da ciwon gwiwarta. Tana shigowa ta ce a miƙo mata ƙoƙo.

Na rungume shi na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. A bar shi ya yi kukansa."

Ta ce, "Me kika ce?"

Na sake faɗa. Maigida yana tsaye daga waje, ya ce, "Gwaggo, a bar mata shi." Ta yi fushi, ta ce ba ruwanta, amma ba ta tafi ba. Ta zauna tana jiran ranar da za a ce ta faɗa.

Ya yi kukansa, ni ma na yi nawa, ina ba shi nono yana banƙarewa. Kafin ya fara zama kukan ya ragu, wata rana muka ga magariba ta yi yana kwance yana wasa da ƙafarsa. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace. Ranar da Gwaggo za ta koma ta ɗauke shi ta daɗe tana jinjina nauyinsa. Ta ce, "Allah ya gyara miki nono." Sai kuma ta ce, kamar ba da ni take ba, "Ni na fari da aka hana ni ba shi, da na biyu..." Ba ta ƙarasa ba. Ta miƙo mini shi ta ja mayafi ta rufe fuska. Duk fushin da na tara mata a nan ya zube, ban sake samunsa ba.

Da lokacin yaye ya yi, Adda da mijinta suka kawo yarinyar Kankiya. Tana tafiya da ƙafarta, an yi mata kitson Fulani, tana riƙe da bakin zanen Adda. Dada take ce mata. Adda ta zauna ta ci abinci, ta jira har yarinyar ta shagala da wata kyanwa, sannan ta zame ta fita ba sallama. Na bi ta zaure. Ta riƙe hannuna da ƙarfi ta ce, "Ba ta son tuwo da zafi. In za ta yi barci ki riƙe mata kunne." Ta juya da sauri.

Yarinyar ta waiwaya ba ta gan ta ba. Ta bi ɗaki-ɗaki tana kira, ta leƙa bayan randa, ta leƙa madafi. Sai ta je ta tsaya a ƙofar zaure. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Fillanci. In na matso sai ta manne da bango. Na sayi nono na dama mata fura, ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Na riƙe mata kunne ta fizge. Kullum tana ƙofar zauren nan, in ta ji sallamar mai nono a waje sai ta zabura, in ta ga ba ita ba ce ta koma ta tsuguna. Mutane suka ce in yi haƙuri, kowane yaye haka yake, za ta manta. Mako ya wuce, wani ya biyo. Tsakiyar da aka ɗaura mata a ƙugu ta fara zamewa ƙasa. Na taɓa ganin wannan ramar a jikinta, ba zan iya sake gani ba.

Wata safiya maigida na shirin fita rumfa na ce, "Malam, ka maida ta."

Ya tsaya da hula a hannu. Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Ka maida ta wajen uwarta."

Na yi mata wanka, ranar ba ta yi gardama ba, kamar ta gane. Na ɗaure kayanta. Ya naɗa zane a ƙarfen keken ya ɗora ta a gabansa, ya ce mata, "Dada," yana nuna hanya. Fuskarta ta washe. Ta dube ni tana dariya, 'yan haƙoranta a waje, tana buga hannu a kan ƙararrawar keken. Ban taɓa ganin dariyarta ba sai ranar. Na tsaya har suka sha kwana, sannan na koma ciki don ƙanenta ya tashi yana neman nono.

Ta zauna wajen Adda har haƙoranta na gaba suka zube, lokacin Turawa sun tafi, sannan ubanta ya dawo da ita don karatun allo. Ta koyi Hausa, ta zama yarinya mai ladabi. Ba ta taɓa yi mini musu ba, ba ta kuma taɓa zuwa ta jingina da ni ba. In ranta ya ɓaci sai ta tafi bayan ɗaki ta yi maganarta da Fillanci. Ta yi aure a Sukuntuni, tana zuwa gaishe ni da Sallah, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

Da Adda ta kwanta ciwon ajali, ita ta je ta yi jinyarta har aka rufe ta. Bayan addu'ar bakwai ta biyo ta Kankiya, lokacin ita ma ta fara furfura. Ta shigo ba ta durƙusa ba. Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Dada ta tafi," sai ta kifa kai a cinyata ta fashe da kuka. Na dafa kanta ina cewa ta yi haƙuri, Allah ya jiƙanta, mace ce ta gari. Muka zauna haka har aka kira azahar, sannan na tashi na ɗora mata ruwan wanka.